Kalmar "Zuriya": Tushenta da Yadda Ta Zauna a Ƙasar Katsina

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure a Wagini ko a ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana ya ji liman yana roƙa wa ma'aurata zuriya ɗayyiba. Kalmomin biyu na Larabci ne, kuma addu'ar Annabi Zakariyya (AS) ce a Suratu Ali Imrana, aya ta 38. Sun daɗe a bakin Bahaushe har ya manta cewa baƙi ne.

Harafin farko na kalmar a Larabci zalun ne, wanda ake furtawa da kan harshe tsakanin haƙora. Hausa ba ta da wannan sauti, sai ta mayar da shi "z", kamar yadda ta yi wa zikiri da zunubi da azaba. Game da tushenta kuwa, malaman lugga sun saɓa. Ragib al-Asfahani ya kawo maganganu uku a cikin Mufradat. Wasu sun ce daga "zara'a" mai hamza take, wato halitta da yawaitawa. Wasu sun ce daga "zarru", ƙananan tururuwa, suna ƙarfafa hakan da ayar alkawari ta 172 a Suratul A'araf, inda aka fitar da 'ya'yan Adamu daga tsatson iyayensu. Na uku sun danganta ta da sheƙewar da iska ke yi wa ƙaiƙayi. Yawancinmu "zuri'a" muke furtawa, da hamza, abin da kan sa ɗalibi ya zaci hujja ce ga magana ta farko. A ganina sauyin furuci ne kawai.

Bahaushe yana da kalmominsa tun da can: iri, tsatso, jika, tattaɓa-kunne, da ɗafin "-awa" na dangantaka. Abin da zuriya ta ƙara shi ne nauyin shari'a da na sarauta, domin da ita ake da'awar gado da gadon mulki. Tarihin Katsina shaida ne. Bayan jihadi, Ummarun Dallaje ya karɓi garin a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta ƙaura ta kafa Maraɗi, inda har yau ake kiran mai mulkinta Sarkin Katsina. Dallazawa suka riƙe gadon har 1906, lokacin da Turawa suka naɗa Muhammadu Dikko na Sulluɓawa. Gidaje uku ke nan, kowanne na kafa hujja da kalma guda, alhali a Baƙara, aya ta 124, da Annabi Ibrahim (AS) ya nemi shugabanci ga zuriyarsa, an sanar da shi cewa alkawarin bai haɗa da azzalumai ba.

A yau ma'anar warwatsuwa ce ta fi bayyana a yammacin Katsina. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tarwatsa gidaje da dama zuwa Batsari da birnin Katsina, dattawan da suka haddace jerin kakanni suna ƙarewa, alhali rabon gado da waliccin aure da sanin muharramai duk a kan wannan jeri suke.