Mozambik: Yadda jam'iyyar Frelimo ta shafe rabin ƙarni a kan mulki duk da zaɓuka bakwai

Tun daga shekarar 1994 Mozambik ke gudanar da babban zaɓe duk bayan shekara biyar, ba tare da an tsallake ko ɗaya ba. An yi a 1994, 1999, 2004, 2009, 2014, 2019 da 2024, kuma a duka bakwai ɗin jam'iyyar Frelimo ce aka ayyana da lashe kujerar shugaban ƙasa da rinjaye a majalisar dokoki mai kujeru 250. Idan aka haɗa da zamanin jam'iyya ɗaya, Frelimo na riƙe da ragamar ƙasar tun ranar 25 ga Yunin 1975, lokacin da aka samu 'yancin kai daga Fotugal. Tushen wannan dogon mulki yana cikin yadda yaƙin basasa ya ƙare: an ajiye makamai, an buɗe ƙofa ga jam'iyyu da yawa, amma ba a raba jam'iyya mai mulki da hukumomin gwamnati ba, har da waɗanda ke ƙidayar ƙuri'a.

Daga fagen daga zuwa rumfar zaɓe

An kafa Frelimo a 1962 a birnin Darussalam na Tanzaniya ƙarƙashin Eduardo Mondlane, ta kuma ɗauki makami a kan Turawan Fotugal daga 1964. Bayan samun 'yanci, Samora Machel ya zama shugaban ƙasa, aka kafa tsarin jam'iyya ɗaya mai bin aƙidar gurguzu. Ba a jima ba ƙungiyar Renamo ta ɓulla da tallafin gwamnatin farar fata ta Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, daga baya kuma gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ɗauki nauyinta. Yaƙin da aka gwabza daga 1977 zuwa 1992 ya ci rayukan mutane kusan miliyan ɗaya, ya kuma raba miliyoyi da muhallansu.

Machel ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Oktoban 1986. Magajinsa, Joaquim Chissano, ya kawo sabon kundin tsarin mulki a 1990 wanda ya halatta jam'iyyu da yawa. A ranar 4 ga Oktoban 1992 shi da madugun Renamo, Afonso Dhlakama, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a birnin Rum, bisa shiga tsakanin ƙungiyar Katolika ta Sant'Egidio. Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika dakaru domin sa ido kan kwance ɗamara da shirya zaɓe.

Yarjejeniyar ba ta tanadi gwamnatin haɗin gwiwa ba. A wancan lokacin wanda ya ci zaɓe shi ke naɗa ministoci, da gwamnonin larduna, da shugabannin gundumomi, da hafsoshin tsaro. Wanda ya faɗi kuwa, ko da ya yi rinjaye a wasu larduna, kujerun majalisa ne kawai rabonsa.

Abin da alƙaluma suka nuna

A zaɓen farko na 1994 Chissano ya samu kashi 53 cikin ɗari, Dhlakama kashi 34. A majalisa Frelimo ta samu kujeru 129, Renamo 112. Taswirar ƙuri'un ta yi kama da taswirar yaƙi: Frelimo ta mamaye kudu da lardin Cabo Delgado na arewa mai nisa, Renamo kuma ta yi rinjaye a Sofala, Manica, Tete, Zambezia da Nampula. Dhlakama ya nemi a ba jam'iyyarsa gwamnonin lardunan da ta ci, aka hana.

Zaɓen 1999 shi ne wanda Frelimo ta fi kusa da faɗuwa. Chissano ya samu kashi 52.3, Dhlakama 47.7, tazarar ƙuri'u kimanin dubu 200, alhali hukumar zaɓe ta ajiye sakamakon ɗaruruwan rumfuna ba ta lissafa da su ba, bisa dalilin cewa akwai kurakurai a takardun. Renamo ta ƙi amincewa. A zanga-zangar da ta kira a Nuwamban 2000 an kashe mutane da dama, sannan sama da mutum 80 da aka tsare suka mutu saboda rashin iska a wani ɗakin tsare mutane na 'yan sanda a garin Montepuez.

Daga nan tazara ta fara faɗi. Armando Guebuza ya samu kusan kashi 64 a 2004, shekarar da masu jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista ba. A 2009 ya samu kashi 75, Frelimo ta kwashe kujeru 191, adadin da ya zarce kashi biyu bisa uku. A shekarar ce jam'iyyar MDM ta Daviz Simango, magajin garin Beira wanda ya ɓalle daga Renamo, ta shiga takara, ƙuri'ar adawa ta rabu gida biyu.

A 2012 Dhlakama ya koma dajin Gorongosa, a 2013 kuma rikici ya sake ɓarkewa a tsakiyar ƙasar. A zaɓen 2014 Filipe Nyusi ya samu kashi 57, Dhlakama kusan 37. Dhlakama ya rasu a Mayun 2018, magajinsa Ossufo Momade ya sa hannu kan sabuwar yarjejeniya da Nyusi a Agustan 2019. Wata biyu bayan haka aka ayyana Nyusi da kashi 73, Frelimo da kujeru 184.

Ginshiƙan rinjayen

Ginshiƙi na farko tarihi ne. Frelimo ce ta karɓo 'yanci, kuma a kudancin ƙasar, musamman lardin Gaza, mutane da yawa suna tuna hare-haren Renamo a kan ƙauyuka da makarantu da asibitoci. Wannan goyon baya na gaskiya ne, ba ya buƙatar maguɗi.

Na biyu shi ne cuɗanyar jam'iyya da gwamnati. Shekara 15 na tsarin jam'iyya ɗaya sun bar gado a ma'aikatu da rundunar 'yan sanda da kafafen yaɗa labarai na gwamnati. Masu sa ido na cikin gida da na waje sun sha ba da rahoton amfani da motocin gwamnati da ma'aikata, musamman malaman makaranta, a yaƙin neman zaɓen jam'iyyar. Manyan 'yan kasuwa da yawa kuma jiga-jigan jam'iyyar ne ko danginsu.

Na uku hukumomin zaɓe ne. Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, CNE, tana da mambobi 17: Frelimo na ba da biyar, Renamo huɗu, MDM ɗaya, sauran bakwai kuma daga ƙungiyoyin farar hula, waɗanda majalisar da Frelimo ke da rinjaye a cikinta ke tantancewa. Majalisar Tsarin Mulki, wadda ita ke da maganar ƙarshe kan sakamako, tana da alƙalai bakwai. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabanta, majalisa na zaɓen biyar gwargwadon ƙarfin kowace jam'iyya, ɗaya kuma daga ɓangaren shari'a. Saboda haka rinjayen yau shi ke zaɓen alƙalan zaɓen gobe.

Na huɗu shi ne rajista da tattara sakamako. A 2019 an yi wa mutane rajista a Gaza fiye da adadin balagaggun da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce suna lardin, da ratar kimanin dubu 300, abin da ya ƙara wa lardin kujeru a majalisa. Mako guda kafin zaɓen aka harbe wani jagoran masu sa ido, Anastácio Matavel, a garin Xai-Xai, kuma kotu ta samu wasu jami'an rundunar 'yan sanda ta musamman da laifin kisan. Haka nan hukumar zaɓe ba ta wallafa sakamakon kowace rumfa ɗaya bayan ɗaya, don haka da wuya wani daga waje ya iya tantance jimillar da aka sanar.

Ko rangwamen da aka yi wa 'yan adawa bai taɓa tushen ikon ba. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya amince a riƙa zaɓen gwamnoni, amma ya ƙirƙiro muƙamin sakataren gwamnati a kowane lardi, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, yana kuma riƙe da iko mai yawa. A 2019 Frelimo ta lashe duka gwamnoni goma.

Zaɓen 2024 da fushin matasa

Kafin zaɓen 9 ga Oktoban 2024 abubuwa da dama sun zubar da ƙimar gwamnati. A 2016 ya bayyana cewa an ciwo bashin kusan dala biliyan biyu a asirce da sunan wasu kamfanoni uku na gwamnati. Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ƙasashe masu ba da tallafi suka dakatar da taimako, darajar kuɗin ƙasar, metikal, ta faɗi. A 2022 kotu ta ɗaure ɗan tsohon shugaba Guebuza shekara 12, a 2024 kuma wata kotu a Amurka ta samu tsohon ministan kuɗi Manuel Chang da laifi. Tun 2017 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi ke kai hare-hare a Cabo Delgado, lardin da ke da arzikin iskar gas. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2023 hukumar zaɓe ta ba Frelimo 64 cikin 65, kafin Majalisar Tsarin Mulki ta mayar wa Renamo huɗu, ciki har da birnin Quelimane.

Venâncio Mondlane, wanda ya yi wa Renamo takarar magajin garin Maputo a 2023, ya fice daga jam'iyyar ya tsaya takarar shugaban ƙasa da goyon bayan ƙaramar jam'iyyar Podemos. Ta Facebook ya fi isa ga magoya bayansa. Kwana goma bayan zaɓe aka harbe lauyansa Elvino Dias da wani jami'in Podemos, Paulo Guambe, a cikin mota a Maputo. A ranar 24 ga Oktoba hukumar zaɓe ta ba ɗan takarar Frelimo, Daniel Chapo, kusan kashi 71, Mondlane kashi 20. Masu sa ido na Tarayyar Turai sun ce an sauya sakamako a wasu rumfuna da gundumomi ba tare da hujja ba, limaman cocin Katolika kuma sun yi zargin cusa ƙuri'u a akwatuna.

A ranar 23 ga Disamba Majalisar Tsarin Mulki ta rage rabon Chapo zuwa kashi 65, ta ɗaga na Mondlane zuwa 24, ta kuma rage kujerun Frelimo daga 195 zuwa 171. Podemos ta samu 43, Renamo 28, MDM 8. Majalisar ba ta fitar da lissafin rumfa-rumfa da ya kai ta ga sabbin alƙaluman ba. An shafe kusan wata uku ana zanga-zanga: yajin aiki, toshe hanyoyi, kaɗa tukwane da dare daga tagogin gidaje, har aka rufe mashigar Lebombo da ke kan iyaka da Afirka ta Kudu. Ƙungiyar sa ido ta Plataforma Decide ta ƙirga sama da mutum 300 da suka mutu, galibi da harsashin jami'an tsaro. An rantsar da Chapo a ranar 15 ga Janairun 2025.

Abin da ya sauya

A karon farko tun 1994, Renamo ta rasa matsayin babbar jam'iyyar adawa, kuma tarzoma mafi tsanani ta tashi ne a Maputo da Matola, a kudancin da Frelimo ke ɗauka a matsayin gida. Fiye da rabin al'ummar ƙasar, wadda ta haura miliyan 30, ba su kai shekara 20 ba. An haife su bayan yarjejeniyar Rum, don haka hujjar 'yanto ƙasa ko tsoron komawa yaƙi ba ta da nauyin da take da shi a wurin iyayensu. Shi kansa Chapo an haife shi a 1977, shi ne shugaban farko da aka haifa bayan samun 'yanci.

A watan Maris na 2025 Chapo ya sa hannu kan yarjejeniyar tattaunawar ƙasa da jam'iyyun siyasa, wadda ta ƙunshi duba tsarin mulki da dokokin zaɓe, daga baya kuma ya gana da Mondlane. Ma'aunin wannan tattaunawa batutuwa uku ne: wa zai naɗa mambobin hukumar zaɓe, ko za a wallafa sakamakon kowace rumfa, da kuma ko za a hukunta waɗanda suka harbi masu zanga-zanga. Bisa jadawalin da aka saba, zaɓen ƙananan hukumomi zai zo a 2028, babban zaɓe kuma a 2029.