Yunifom: asalinsa rigar marayu ce

Ɗaya daga cikin yunifom mafi daɗewa a duniya na marayu ne. A 1552 aka buɗe makarantar Christ's Hospital a Landan don marayu da 'ya'yan talakawa, ana ba su doguwar riga shuɗiya kyauta. Har yau ita ɗalibanta suke sawa.

Amfaninsa rufin asiri ne: ɗan mai shanu ɗari da ɗan mai akuya biyu, shiga ɗaya. Iyaye ma sun huta, kala biyu sun isa shekara.

To, in kuɗin yadi ya hana yaro shiga aji, ai an bar asali. In rigar ɗanka ta yi masa kaɗan, miƙa wa ɗan maƙwabci.