Kamfanin Golder Thoma da Dabarar Tara Ƙananan Kamfanoni

A shekarar 1980 ne wasu mutum biyu, Stanley Golder da Carl Thoma, suka bar aiki a bankin First Chicago, suka kafa kamfanin zuba jari nasu na kansu a birnin Chicago ta Amurka. Ba su fara a sa'ar banza ba. Shekara guda kafin nan, wato 1979, Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta sassauta fassarar dokar fansho ta 1974, har ya halatta ga masu riƙon kuɗin fansho su saka wani abu daga ciki a harkokin da ke da kasada. To, daga wannan rijiya ce irin waɗannan kamfanoni suka yi ta ɗiban jari.

Abin da ya bambanta Golder da Thoma da sauran shi ne inda suka sa ido. Ba su bi manyan kamfanoni ba, ba su kuma tsaya ga sababbin da ke rarrafe ba. Sana'ar da ta warwatsu a hannun ƙananan masu ita suke nema. In sun same ta, sai su fara neman gogaggen manaja, sa'an nan su sayi kamfani ɗaya matsakaici ya zama uwa, su yi ta sayen ƙanana suna haɗawa da shi. Hikimar a nan ta lissafi ce. Alal misali, ƙaramin kamfani a kan saye shi da ninki biyar na ribarsa ta shekara, babba kuwa ya kan kai ninki goma. Saboda haka tarawar kanta riba ce, tun kafin a gyara kome. Galibi akan ba irin wannan asusu wa'adin shekara goma, masu gudanar da shi kuma su ɗauki kashi 20 cikin 100 na ribar.

Shahararren misalinsu shi ne Paging Network, wanda aka kafa a 1981 da jarinsu, mai harkar 'yar na'urar kira da ake ratayawa a ƙugu. Ya bunƙasa har ya zama mafi girma a wannan sana'a a Amurka. Amma fa bashi aka ci aka yi ginin, kuma da wayar hannu ta yaɗu sai kasuwar ta mutu, kamfanin ya karye a shekarar 2000. Wannan gefe na labarin ba a cika ambatonsa ba, alhali ma'aikata da masu bin bashi ne suka ɗauki asarar.

Shi kuwa kamfanin na asali, a 1998 ya rabu biyu: GTCR a gefe guda, Thoma Cressey a ɗayan. Daga na biyun ne Thoma Bravo ya fito a 2008, ya maida hankali ga kamfanonin manhajar kwamfuta, ya kuma yi girman da ya fitar da shi daga sahun matsakaita. Ɗaya daga cikin abokan tafiyar, Bruce Rauner, siyasa ya shiga, ya yi gwamnan jihar Illinois daga 2015 zuwa 2019.