Tsohon Jirgin Yaƙi Da Masu Kiwonsa

A ƙasar Zuru da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan tsohon soja ba. Dakarkari sun yi suna wajen aikin soja tun zamanin Turawa, da yawansu kuwa sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma ta kutsa kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai jiragen sama ke sako musu abinci da harsashi da laima. Saboda haka labarin jiragen wannan yaƙi labarinmu ne.

Jirgin sama ya fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, su uku ne, na sojan Ingila, daga Masar. Da yaƙi ya toshe hanyar Bahar Rum a 1940, sai Ingilishi suka riƙa kawo jirage a akwatuna Takoradi, cikin ƙasar da yanzu ake kira Gana. Nan a harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Hartum, har Alƙahira. Jirgi fiye da 5,000 ya bi wannan hanya, da yawa kuwa irin wanda ake kira Hurricane ne, mai ɗaukar mutum guda.

An ƙera Hurricane fiye da 14,000, amma waɗanda ke iya tashi yau 'yan kaɗan ne. Biyu daga cikinsu suna hannun wata ƙungiya ta sojan saman Ingila wadda aka kafa a 1957 don tunawa da mazan jiya. Mazauninta Coningsby. Tana kuma da Dakota, irin jirgin nan da ya ciyad da mutanenmu a Bama.

Ga yadda suke kiwonsu. Lokacin zafi jiragen suna yawo gari gari, ana taron kallo, suna shawagi bisa kan jama'a. In hunturu ya shiga sai a shigad da su rumfa, makanikai su kwance su, su duba kowane ƙarfe da kowace kusa. Jikin Hurricane daga baya ƙarafa ne da katako, an lulluɓe su da ƙyalle mai ƙarfi, an shafe da wani magani da ke ɗame shi kamar fatar ganga. In ƙyallen ya tsufa sai a ɗinka sabo da hannu. In wani ƙarfe ya ci, ba kantin da za a saye shi, sai a ɗauko tsohon zane a ƙera wani. Kowace sa'a da jirgi ya yi a sama ana rubuta ta a littafi, ba a kuwa yarda a wahalad da shi.

Duk da haka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Cikin Satumba 1991 injin ɗaya Hurricane ɗin ya lalace a sama, ya faɗi a filin Wittering, wuta ta cinye shi, matuƙinsa ya tsira da karaya. Ba su zubad da gawayin ba. Suka sayad da wani jirginsu don samun kuɗi, aka sake gina shi, ya tashi a 1998.

To, jama'a, mu ba mu da jirgin da za mu gyara, amma muna da lambobin yabo, da takardun sallama, da hotunan iyaye da kakanni a ƙasan adaka, gara tana ci. Kai da ka koyi karatu da rubutu, fito da su, ka kakkaɓe, ka tambayi tsofaffin gida, ka rubuta sunan mai su da inda ya yi yaƙi. Abin da ba a kula da shi ba, ko ƙarfe ne, ƙasa za ta cinye shi. Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.