DAMBE DA HAƘƘIN UBANGIDA: WAIWAYE GA MAZAUNA BADUN



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, dambe ya sake farfaɗowa a nan Kurmi. Yaranmu suna kallonsa a waya, in ka shiga lungu da yamma sai ka tarar an naɗe hannu da tsumma ana gwada naushi. Wasu kuma iyayensu sun sa su makarantun kareti da judo. Ba mu ce kada a yi ba. Amma akwai tambayar da dattawa suke yi, kuma ta isa a tsaya a kanta: idan yaron da aka koya wa naushi ya je tasha ya naushi ɗan mutane, wa za a tuhuma? Shi kaɗai, ko har da wanda ya koya masa? To, tun da an ce waiwaye adon tafiya, bari mu duba yadda magabata suka yi da wannan al'amari.

Asalin dambe

Kowa ya sani dambe wasan mahauta ne, wato Rundawa. Da kaka, in an gama girbi, sukan bi ƙauyuka suna yanka dabbobi don bukukuwa, in rana ta yi sanyi a kafa fage, a sa kalangu, samarinsu su kara da na garin.

A farkon shekarar 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya sauka Kano a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya sa ladan wuri 2,000 don a zo a yi ya gani. A cikin labarin tafiyarsa ya ce 'yan damben sun iso da makaɗa, mahautan gari kuma duk suna biye da su. Ya kuma ce sai da ya gindaya sharaɗin kada a yi na gaske, domin an gaya masa in aka yi na gaske da wuya a tashi ba a rasa rai ba.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, shekara 200 da suka wuce ma an san naushin ɗan dambe yana kisa. Na biyu, ɗan dambe bai zo fage shi kaɗai ba, jama'ar sana'arsa ce ta rako shi. Yana da Sarkin Fawa a kansa, yana da uwar ɗaki da uban ɗaki, yana da rumfar da ake samunsa kullum. Ba mutumin da zai yi ɓarna ya sulale ba ne.

Saboda haɗarin nan ne aka yi ta kewaye wasan da dokoki. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Turmi uku ake yi. Da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, shi ke nan an yi kisa, ba a ƙara taɓa shi. Akwai mai rabawa a tsaye. Wanda aka nema da karawa yana da ikon ya ce ba ya yi. Akayau na ƙarfe da wasu ke ɗaurawa a ƙafa a da, shi ma an hana. Kai, ko kalmar kisa ɗin nan abin dubawa ce: an mai da kisa faɗuwa ƙasa kawai, don wanda aka kashe ya tashi ya karkaɗe jikinsa a yi musabaha.

Suna linzami

Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne sunayen 'yan dambe. Za ka ji ana cewa Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Ga su nan a zamaninmu: Garkuwan Cindo, Autan Sikido, Bahagon Sanin Kurna. Sunan yanka ya ɓace, sunan ubangida ne a gaba. In yaro ya yi kisa a fage, makaɗi ubangidan zai fara wasawa. Haka nan in ya yi abin kunya a gari, ba za a ce ɗan wane ba, sai a ce yaron wane. Sama da ubangida kuma akwai ɓangare, ko Kudu, ko Arewa, ko Guramaɗa, kuma akwai Sarkin Dambe.

Wato tun asali Bahaushe bai yarda a ba yaro ƙarfi a sake shi ba. Wanda ya naɗa masa zare, shi ke kwance masa in an tashi. Duk shaharar da Shago da Ɗandunawa suka yi, har Ɗan Anace ya sa sunansu a bakin duniya, a fage suka same ta, gaban dubun jama'a, da abokin karawa wanda shi ma ya shiryo.

Ranar da aka raba ƙarfi da ubangida

To, ina aka samu karkacewa? A Kano an daɗe da sanin 'yan tauri da mafarauta, su ma da sarakunansu da ƙa'idojinsu. Wurin da mafarauta ke taruwa shi ake kira daba. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, aka kafa NEPU a 1950, NPC ta zama jam'iyya a 1951, sai 'yan siyasa suka shiga neman ƙarfafan samari masu tsare taro da masu tarwatsa na abokan hamayya. Nan aka samu 'yan banga. A jamhuriya ta biyu, daga 1979 zuwa 1983, abin ya ƙara gaba. Da aka gama zaɓe aka watsar da yaran, ga makami a hannu, ga shaye-shaye, ba sana'a. Yau in ka ce ɗan daba, ba wanda zai tuna da farauta.

Bambancin a fili yake. Ubangidan gargajiya yana zaune da yaronsa shekara da shekaru, yana ciyar da shi, yana yi masa aure, yana jin kunyar abin da zai jawo masa. Ɗan siyasa kuwa hayar ƙarfin kawai ya yi. In yaron ya kashe, bai san shi ba. In an kashe yaron, ko jana'iza ba zai zo ba.

Yadda Sabo ta zauna

Mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, fataucin goro da shanu ya bunƙasa, a 1916 aka keɓe wa iyayenmu Sabo. Da me suka riƙe wannan wuri a tsakiyar Yarbawa? Ba da dantse ba ne. Da tsarin maigida ne. Duk baƙon da ya sauka da shanu ko ya zo sayen goro, yana da maigida. Maigida ke ba shi masauki, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa lamuni. In yaron gida ya ci kuɗin mutane, maigida ke biya. In ya yi faɗa, maigida ke zuwa gaban Sarkin Hausawa ya amsa. Tsarin da ke fagen dambe shi ne dai a kasuwa: ba hannun da ba shi da mai shi.

Muna yara mun ga wannan da idonmu. Akwai wani dattijo mahauci a unguwarmu mai koya wa samari dambe. Wata rana babban yaronsa ya yi cacar baki da wani kwandasta a kan canji, ya kai masa naushi ɗaya, haƙora biyu suka zube. Kafin 'yan sanda su zo, dattijon nan ya riƙo yaron har gidan su kwandastan, ya sa shi ya durƙusa, ya biya kuɗin magani daga aljihunsa. Da suka dawo ya karɓe zarensa, shekara guda cur bai bar shi ya shiga fage ba. Mu a lokacin gani muke an matsa wa gwaninmu. Sai da muka girma muka gane rumfunan iyayenmu dattijon ya tsare.

Wannan ba a wajenmu kaɗai yake ba. A nan Badun, a filin wasa na Liberty, ranar 10 ga Agusta 1963, Dick Tiger ya kare kambinsa na duniya a damben Turawa da Gene Fullmer na Amurka. Da aka gama turmi na bakwai, mutanen Fullmer ne da kansu suka ce a tsaya haka, don sun ga jikin nasu ya gaya masa. Ga dattawan da suka shiga filin nan suna ba da labari. Haka a ƙasar Japan, wanda ya kafa judo a 1882, Jigoro Kano (sunansa ke nan, ba Kanon Dabo ba), yana da wani almajiri da ya fi kowa ƙwarewa, Saigo Shiro. A 1890 almajirin ya shiga faɗan titi, dole ya bar makarantar, duk da gwanintarsa. Mun tuna lokacin da finafinan Burus Li suka cika silima, kowane yaro yana tsalle yana kai ƙafa. Tsallen muka ɗauka, ladabin da ke makarantun nasu ba mu gan shi ba.

Fage daban, titi daban

'Yan samari, ku saurara da kyau. A fage mutum ɗaya ne a gabanka, ya yarda ka yarda, ƙasa rairayi ce, ga mai rabawa, ga turmi ƙidayayye. A titi ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙasa kwalta ce ko bakin kwata, wanda ya faɗi da ƙeya yana iya tafiya ke nan. Ba ka san abin da ke aljihun mutum ba, garkuwarka kuwa tafin hannu ce, ba ta tare wuƙa ko fasasshiyar kwalba. Ba ka san 'yan uwansa nawa ke bayanka ba. Ɗan damben da ya ɗauka fage ya shirya shi don titi, ya ruɗi kansa.

In kuma kai ne ka yi nasara, nan ma asara ce. Wanda ka nausa bai taɓa koyon kaucewa ba, bai san yadda ake faɗuwa ba. In ya mutu, dokar manyan laifuka da ake aiki da ita a nan Kudu ta tanadi hukuncin kisa ga kisan ganganci, kisan da ba na ganganci ba kuwa yana kai wa ɗaurin rai da rai. Alƙali ba zai tambayi ɓangarenka ba.

Daɗin daɗawa, mu a nan baƙi ne, laifin ɗayanmu na dukanmu ne. A watan Maris 2017 rikicin Sabon Ile-Ife daga saɓanin mutum biyu ya faro, 'yan sanda suka ce mutum 46 suka mutu. Namu na Sasa kuwa ba sai an ba mu labari ba. A watan Fabrairu 2021, gardama ce a kan tumatir da ya zube a gaban shago. Aka bugi wani mai gyaran takalmi, ya mutu, washegari kasuwa ta kama da wuta. An rasa rayuka, an ƙone gidaje da rumfuna, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita, sai da gwamnonin Arewa suka taso takanas. Ba a fagen dambe aka yi wannan bugu ba, amma ya nuna mana farashin bugu ɗaya a bakin hanya. Mutanen da suka shekara 30 suna tara jari sun koma gida da rigar jikinsu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Abin da ke kan masu koyarwa

A Islamiyya an karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nuna ƙarfi na gaskiya shi ne mutum ya mallaki kansa lokacin fushi, ba yawan kayar da mutane ba. An kuma karantar da mu cewa diyyar kisan kuskure, raƙumi 100 ko dinari 1,000, dangin mai laifin ne ke haɗuwa su biya. Hikimar ita ce, wanda ya san zai biya, zai sa ido tun abin bai faru ba.

Don haka amsar tambayar dattawa ita ce: yaro zai ɗauki laifinsa, amma ubangida bai fita ba. Duk mai koyar da dambe ko kokawa ko kareti a unguwanninmu, ya kamata ƙungiya ta san shi, mai unguwa ya san shi. Kada ya karɓi yaro sai ya ga ubansa ko maigidansa. Ya san inda yaron ke kwana da sana'ar da yake yi. In ya ga yaro mai saurin hannu ne, ko mai shaye-shaye, ya dakatar da shi ko da shi ne ke kawo masa kuɗi da suna. Ya gaya wa yaransa baki da baki cewa barin wurin faɗa ba tsoro ba ne. Ranar da ɗan siyasa ya zo neman yara, ya sallame shi tun daga ƙofa. In kuma tsautsayi ya auku, ya riga kowa zuwa, kada ya ɓoye yaron, kada ya sa shi a mota zuwa Arewa ya bar mu da wuta.

Mu iyaye ma da sauranmu. In za mu kai yaro koyon ɗinki sai mun bincika halin telan, to me zai hana mu bincika wanda zai koya masa abin da ke iya kashe mutum? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dambe gadonmu ne, muna alfahari da shi, muna so maƙwabtanmu su zo kallo su yi tafi. Amma mu karɓi gadon duka, da zaren da mai kwance shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da waɗanda muka tarar a garin nan, amin.