Idon 'Yan Barga da Ciwon Cikin Doki

Tun da Sarki Kanajeji ya shigo da lifidi Kano, doki ya zama ƙarfin sarauta, kuma duk bargar da ke ƙarƙashin Shamaki ta san ciwon ciki kan kayar da ingarman da mashi bai kayar ba. Gwanintar 'yan barga ta fi ƙarfi wajen ganewa da wuri. Doki ya ƙi dawa, yana tonon ƙasa da kofato, yana waiwayen kwiɓinsa, ga gumi, ga birgima a turke: nan take za a janye abinci, a kama linzami a yi ta zagayawa da shi. Hikima ce, domin doki ba ya amai.

Za a ce ɗurar jiƙo da kanwa, da 'yan barga kan yi, ta halaka dawakai, tunda ruwan kan sarƙe su ya faɗa huhu. Gaskiya ne. Sai dai idan hanji ya murɗe, tiyata kaɗai ke ceto, ita kuwa ko a Ingila sai wajen shekarun 1970 ta fara yin nasara sosai. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom ma, da aka kafa a 1924, cutar shanu ta sa a gaba.