Daga Littafin Haraji zuwa Excel

A zamanin En'e, idan lokacin haraji ya kama a ƙasar Rano, malamin hakimi kan baje littattafai biyu a gabansa: na sunayen magidanta da dagatai suka tattaro daga garuruwa irin su Rurum, da na kuɗin da aka karɓa. Ya ɗora yatsa kan suna a nan, ya lalubo adadi a can, sannan ya kwafa da alƙalami.

A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. A shekarar ce kuma Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a Amurka, manhajar jadawalin lissafi mai umarnin LOOKUP, wanda ke yin ainihin aikin wancan yatsa. Lotus 1-2-3 ta zo a 1983 da VLOOKUP, Excel ta biyo baya a 1985. Babban ci gaba ya samu a 1993, lokacin da Excel 5.0 ta haɗa shafuka da yawa cikin fayil guda.

Amfanin VLOOKUP a fili yake ga malamin jarrabawa a Rurum Tsohon Gari ko Kibiya. Sunayen ɗalibai suna shafi ɗaya, makin Lissafi da Hausa suna wani. Da ya buga lambar ɗalibi, layin ya cika da kansa; in an gyara maki a can, nan ma ya gyaru. Sai dai VLOOKUP na da taurin kai: dama kawai yake dubawa, kuma da an cusa sabon ginshiƙi a tsakiya sai ya kwaso makin wani darasi, shiru ba gargaɗi. Wannan ne Microsoft ta magance da XLOOKUP a 2019, bayan ta sanar da FILTER a 2018, mai zubo layuka da yawa lokaci guda.

Abin da kwamfuta ta kasa gada shi ne sanin mutane. Malamin hakimi na da dagaci kusa, wanda ya san Musan bakin kasuwa daban da Musan gidan liman. Manhaja kuwa, in da suna aka nema, Musan da ta fara tararwa shi take ɗauka, yaro ya tafi gida da sakamakon wani. Don haka shugabannin makarantu, ku ba kowane ɗalibi lambarsa tun ranar da aka ɗauke shi, kada kuma a sauya ta har ya gama.